Kaka Ta Kira, Wayata Tana Kulle

Litinin, 13 ga Oktoba, lokacin abincin rana

Sun aikata. Yau da safe Malama Seok, malamar ajinmu, ta shigo da wata baƙar jaka mai aljihuna birjik, kowane aljihu da lambar ɗalibi. Ta rataye ta a gefen allo ta ce kowa ya taso ya zuba wayarsa. Jakar za ta wuce ofishin malamai a kulle ta a kabad, sai an tashi da yamma. Babu zancen hutu, babu zancen lokacin abinci. Har agogon hannu mai amsa kira sai da aka sa masu shi suka cire.

Aji ya kaure kamar kasuwar kifi ta bakin tasha. Wani daga baya ya ce, "Malama, saura ƙodarmu, ita ma akwai aljihunta?" Ko murmushi ba ta yi ba.

Ni ban yi ihu ba. Na bari ta fita, na bi ta har bakin matakala. Na ce, "Malama, don Allah ina da magana. Kakata tana rikicewa. In ta rikice ni take kira."

Ta gyara jakar a kafaɗa ta ce, "Darae, kowa ma yana da kaka."

Kowa ma yana da kaka.

Na yi mata bayani. Mu uku ne a gida. Umma tana kamfanin busar da ganyen teku tun safe har dare, hannunta cikin safar roba, wayarta a akwatin ajiya. Kaka tana da 'yar waya rataye a wuya, mai babban maɓalli guda ɗaya, in ta danna ni yake kira. Sau nawa na fito da ita daga ruɗu ta waya, ina ɓoye a banɗakin makarantar nan? "Kaka, ki kashe gas. Kaka, ki duba hagunki, kin ga shagon Baba Ryu? Shiga ki zauna."

Ta ce, "Ki kawo takardar likita, kwamiti zai duba." Ta sauka abinta.

A bayan littafin lissafi nake rubutun nan, don hannuna ya rasa abin riƙewa.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe takwas na yamma

Na yi wa Umma maganar takardar likita tana cikin cire safa. Ta ce, "Likitan me? Uwata ba mahaukaciya ba ce. Tsufa ne kawai."

Na ce, "Umma, jiya a wurin ajiye takalma na tsinci tukunyar shinkafa."

"To ni ban taɓa saka makulli a firij ba? Sai ki kai ni asibiti ni ma."

Na ce ai takarda kawai ake so. Ta ce babban asibiti sai watan Disamba suke da gurbi, ta riga ta tambaya. Ashe ta tambaya. Wato ta sani, bakinta ne ba zai faɗa ba. Kuma ta ce wa zai kai ta, in ta bar layin aiki rana guda shugaban ma'aikata zai ɗaure mata fuska wata guda.

Kaka tana zaune tana ɓare tafarnuwa ta ɗago ta ce, "Ku biyun nan kamar karnukan tasha. Miok, ki ba yarinyar nan abinci." Ni take kallo da ta ce Miok. Miok sunan Umma ne.

Umma ta shige banɗaki ta kunna famfo da ƙarfi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, lokacin abincin rana

"Dokar Boram" suke ce wa dokar wayar yanzu. A gaban Boram ɗin suke faɗa.

Boram ƙawata ce tun firamare. Zangon da ya wuce wasu suka riƙa ɗaukar hotonta tana cin abinci, suna liƙa mata hancin alade, suna zubawa a guruf ɗin da suka buɗe don ita kaɗai. In ta fita su sake jawo ta ciki. Ta daina zuwa ɗakin cin abinci, ta rame har siket ɗinta yana juyawa a ƙugunta. Ni na ja hannunta zuwa wurin Malama Seok, babanta kuma ya zo ya kusa tsaga teburin shugaban makaranta. Daga nan aka fara taro kan taro, har aka haifi baƙar jakar nan.

Yau ta cinye kwanonta tas, har ta ɗauki ƙwan da ke cikin nawa. Ta ce, "Darae, kin san rabona da in ci abinci ban kare fuskata da gashi ba?"

Na ji daɗi. Na rantse na ji daɗi. Amma idona yana kan agogon bango, ina lissafin ko Kaka ta sha maganinta.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An kama ni. Matacciyar tsohuwar wayar Umma na saka a aljihun jaka, tawa na ɓoye a cikin safa. Malama Seok ta bi aljihu-aljihu tana danna kowace, ta zo kan tawa, shiru. Ta miƙo tafin hannu. A gaban kowa na duƙa na zaro ta daga safa, aji ya fashe da dariya.

"Har da ke, Darae?"

Na ce, "Na gaya miki dalili."

"Ni ma na gaya miki hanya. In na ɗaga miki ƙafa yau, gobe mutum talatin zan ɗaga wa." Ta yago takarda ta rubuta lambar ofis. "Ki ba kakarki wannan. In wani abu ya taso ta kira nan."

Lambar ofis! Matar da take tsayawa a ƙofar gidanta ta tambayi mai kawo wasiƙa ko ya san inda take zaune, ita ce za ta danna lamba goma? Na karɓa na ce na gode, don in na buɗe baki da abin da ke cikina sai an kore ni.

Hukuncina sharar matakala mako guda. Na ba Baba Ryu lambar, ya manna ta a jikin injin kuɗinsa, ya ce zai sa ido. Ido biyu gare shi, shago kuma ba ya tsare kansa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe, asibiti

Ban je makaranta ba. Su zo su kulle ni a kabad.

An shiga da Kaka tiyata. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Sun ce sanyi ma ya shige ta sosai, ƙirjinta yana ƙara. Umma tana can ƙarshen benci da rigar kamfani tun ta jiya, warin gishiri yana tashi daga jikinta.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda aka raba wayoyin jiya. Kamar kullum. Malama Seok tana kiran lamba, ana dariya, ana ture-ture. Na kunna tawa ina saka takalmi. Sunan Kaka ya cika fuskar wayar. Na ja ƙasa, Kaka. Na sake ja, Kaka. Na farko tun muna darasi na biyu, lokacin da nake zana taswirar koguna ina hamma.

Akwai saƙon murya guda. Ƙarar ruwan sama ce, da numfashinta, sai ta ce, "Darae, sun canza hanyar."

Shi ke nan abin da ta ce.

Wani mai gyaran komar kamun kifi ne ya gan ta a ƙasan matakalar tsohuwar tashar jirgin ruwa, da silifas ƙafa ɗaya. Ban san tun yaushe take wurin ba. Likita ya fara ƙiyasta mana, na toshe kunnena. Ba na so in sani. Kada kowa ya gaya mini.

Da na ɗauka, ce mata zan yi ta juya ta ba teku baya, ta miƙe har ta ga jan rufin coci. Magana ce ta minti ɗaya.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Kawu ya zo daga Seoul da kwalin ruwan ƙarin ƙarfi da takalmi mai sheƙi. Rabonsa da uwarsa tun bikin girbi na bara. Ya gan ni da waya a hannu ya ce, "Yaran yanzu kenan. Kakarki tana kwance, ke kina latse-latse. Na ji an ce makarantarku ta hana, wannan shugaban ya san aikinsa."

Umma ta ce, "Yaya, ka yi shiru."

"Ƙarya na faɗa?"

Na miƙa masa wayar na ce, "Kawu, saurari wannan." Umma ta fizge kafin ya karɓa.

A bakin lif muka yi ta, ni da ita. Ta ce da na gaya mata abin ya kai haka. Na ce na gaya miki! Na gaya miki ranar Talata kina cire safa, kika ce tsufa ne! Ta ɗaga hannu, na tsaya ina jira, sai ta dafe bakinta da shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu rage murya, akwai marasa lafiya. Kamar ba mu sani ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da safe

Ta farka. Ta tambaye ni ko ni ce sabuwar mai shara.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Malama Seok ta zo asibiti da ledar lemo. Ba kwalliya a fuskarta, sai na ga ashe ba ta girmi Umma ba. Ta rusuna wa Umma har gashinta ya rufe mata fuska. Umma kuwa, ita ma rusunawa take tana cewa, "Ayya Malama, kin wahalar da kanki, yarinyar nan tana ba ku wahala." Ni ke ba su wahala!

Malama ta same ni a wajen injin shayi. Ta ce, "Darae, da na sani..."

Na ce, "Kin sani. A bakin matakala na gaya miki."

Ta tsaya riƙe da kofin takarda babu komai a ciki. Na jira ta kare kanta, in samu inda zan kama. Ba ta kare ba. Ta ce, "Haka ne."

Wannan ya fi ba ni haushi. Me zan yi da "haka ne"? In kai wa Kaka ta taka da shi?

Lemon na ba masu jinyar gadon kusa.

Talata, 28 ga Oktoba, lokacin abincin rana

Na koma makaranta. Na saka wayata a aljihun jakar da hannuna, aji ya yi tsit kamar ana jana'iza.

Dohan, shugaban ɗalibai, ya tare ni a baranda. Bai taɓa sanin sunana ba sai yau. Ya ce ranar Laraba ta mako mai zuwa za a yi taron kwamitin makaranta, iyaye da malamai da ɗalibai, za a sake duba dokar. Ya ce, "Mun tara sa hannu, amma ba sa jin takarda. Ke za su ji. Labarinki ne zai karya su."

Na ce, "Kakata ce, ba labari ba."

"Na sani, na sani, Allah ya ba ta lafiya. Amma kina so su ci bulus?"

Ba na so. Na ce zan yi magana.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ɗan banza. Dohan ya baza zancen Kaka a kowane guruf na makarantar nan, da sunana, da unguwarmu, har da zancen silifas. Wa ya gaya masa zancen silifas? Waɗanda ba su taɓa yi mini sannu ba suna turo mini hoton fuska mai hawaye.

Yau da safe muka tarar an rubuta a teburin Boram da jan alƙalami: KIN KASHE KAKAR MUTANE.

Kakata ba ta mutu ba! Tana nan, tana numfashi, jiya ta sha kunun shinkafa cokali huɗu! Wane ɗan iska ne ya kashe mini ita a kan tebur don a mayar masa da wasan bindigarsa na waya?

Boram ta karanta, ta ɗora jakarta a kai, ta zauna. Har aka tashi ba ta ɗaga jakar ba. Abincin rana ma ba ta fita ba.

Na sami Dohan na ce, "Wa ya ba ka izini?" Ya ce shi bai rubuta komai a tebur ba, kuma ba a cin yaƙi sai an yi ƙura. Na ce in ya sake ambaton kakata sai na cusa masa takardun sa hannun nan a baki ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Boram ba ta zo makaranta jiya ba, don haka na je gidansu. Mamarta ta buɗe ƙofa tana kallona kamar mai karɓar haraji, amma ta bar ni na shiga.

Tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na ajiye mata gasasshen dankalin da na sayo a hanya. Ta ce, "Ke ma kina ganin laifina ne?"

Ya kamata in ce a'a nan take. Na san haka. Amma bakina ya yi nauyi, har ta juyo ta kalle ni.

Na ce, "Laifin kowa nake gani. Har na ruwan sama."

"Ban da wannan na tambaye ki."

"Ba laifinki ba ne, jaka."

Ta tashi zaune. Ta ce, "In suka dawo da wayoyi na bar makarantar nan. Ba barazana ba ce. Ba ki san yadda ake ji ba, a ce ka ɗaga cokali ka ji ƙyas a bayanka. Mako biyu na yi ina mutum, Darae. Mako biyu kacal."

Na ce, "Ke kuma ba ki ji saƙon da ke cikin wayata ba."

"To sa mini in ji."

Ban taɓa sa wa kowa ba, har Umma. Na sa mata. Ta saurara, ta ce in sake. Sai ta kifa kai a gwiwa. Ai Kaka ce take yi mata kitso lokacin da muke firamare, ta ce gashinta kamar na masara.

Ba mu shirya ba, ba mu ɓata ba. Dankalin dai mun cinye.

Litinin, 3 ga Nuwamba, lokacin abincin rana

Ina jin tsanar ƙarar zik ɗin jakar nan har cikin haƙorana.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Sun saka wa Kaka safar hannu mai kauri sun ɗaure a jikin gado, wai tana fizge robar ƙarin ruwa. Na ce su kwance. Suka ce sai likita. Kullum sai wani.

Likitan ya kira mu ofishinsa. Ya ce tun daga wannan ranar ƙwaƙwalwar ta yi babban zamewa, kuma ba ya jin za ta dawo inda take. Ya ce gida ba zai yiwu ba, sai asibitin kula da tsofaffi. Umma ta yi ta gyaɗa kai kamar ana karanta mata farashin kifi.

Da za mu fita ya ce, "Af, in kuna buƙatar takardar shaidar ciwon, sakatariya za ta buga muku yanzu."

Minti biyar ba a yi ba ta miƙo mini, da hatimi, da ɗuminta na inji. Na yi dariya har sakatariyar ta tsorata.

A mota Umma ta ce, ba ta kalle ni ba, "Da na kai ta tun bazara." Na yi ta jiran ranar da za ta faɗi haka. Da ta faɗa kuma ban ji komai ba sai son ta yi shiru. Na jingina kaina a kafaɗarta har muka sauka.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na yamma

An yi taron, a ɗakin karatu.

Shugaban makaranta ya fara. Ya ce tun da aka kafa dokar yara suna buga ƙwallo a fili, ɗakin cin abinci ya cika da hira, malamai suna ganin idanu maimakon tsakar kai. Gaskiya ne, ni ma na gani, shi ya sa na ji kamar in jefe shi da kujera. Abin da ya sami Kaka kuwa ya kira shi "abin takaicin da ya faru a wajen harabar makaranta". A waje. Kada a manta, a waje.

Wata uwa ta ce ita ta sayi wayar, ba makaranta ba. Baban Boram ya ce duk wanda ke son a dawo da waya ya zo gidansa ya ga 'yarsa tukuna. Dohan ya yi dogon jawabi a kan 'yanci, har da ɗaga hannu sama. Sai ya miƙo mini takardar da ya rubuta mini.

Na karanta layin farko: "A madadin dukkan ɗalibai." Na ajiye.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na san na ce ban zo a madadin kowa ba. Na ce ku hana, ku bari, ku jefa su a teku, ba ruwana. Ni abu ɗaya na roƙa, na faɗi dalili da bakina, aka ce bakina bai isa ba sai hatimi. Na juya wajen ɗalibai na ce wanda ya yi rubutu a teburin Boram yana cikin ɗakin nan, kuma ba da waya ya rubuta ba, da alƙalami ne, sai a kawo jakar alƙaluma. Na ce wa shugaba tun daga darasi na biyu har aka tashi wayata tana kuka a kabad ɗin ofishinku, malamai nawa ne suka wuce ta gabansa da kofin shayi? A waje ne wannan?

Mataimakin shugaba ya ce, "Ɗaliba, ki natsu, ki zauna." Na ce ba zan natsu ba. Amma na zauna.

Sai Malama Seok ta miƙe, ba wanda ya kira ta. Ta ce a ranar farko ta dokar, kafin ta kai ofis, yara huɗu ne suka tare ta kowa da kakarsa marar lafiya. Ta ce ukun ƙarya suke, ta kuma san ƙarya suke. Ta huɗun ta san ba ta ƙarya, amma ta ji tsoron a ce ta yi son kai. Ta ce har gobe tana goyon bayan dokar, don shekara goma sha tara tana koyarwa ba ta taɓa samun aji kamar na watan nan ba. Amma in doka ta hana malami yarda da yarinyar da ya sani, to a ba injin kulle ƙofa aikin, ita ta gaji.

Shugaba ya yi ta gyara tabarau.

Sun kaɗa ƙuri'a. Doka tana nan. An ƙara layi guda: mai larura a gida zai riƙe wayarsa in malamin aji ya yarda, ba sai da takarda ba.

Aka yi tafi. Tafi!

Litinin, 10 ga Nuwamba, lokacin abincin rana

Malama Seok ta zo kan aljihuna na jakar ta tsallake. Ta ce a hankali, "Riƙe taki." Na so in ce mata a yanzu me zan yi da ita, amma wata 'yar aji ɗaya mai ƙane mai farfaɗiya ita ma an bar mata tata, na gan ta a baranda tana shafa aljihu. Sai na haɗiye.

Dohan ba ya gaishe ni. Mutum uku sun roƙi aro su duba sakamakon ƙwallo, na ce su je su mutu.

Boram ta dawo. An canza mata tebur. Ta ɗauke mini ƙwai ba ta tambaya ba.

Wayar tana cinyata tun safe. Ko motsi.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Mun kai Kaka asibitin tsofaffin ranar Juma'a. Wurin yana bayan gari, mota biyu ake hawa. Su shida ne a ɗaki, tagar tana kallon gonar kabeji. 'Yar wayarta ta wuya suka ce ba a barin igiya a wuyan marasa lafiya, suka ba Umma a leda.

Yau ni kaɗai na je. Na same ta a keken guragu an lulluɓe mata ƙafa da bargo. Na durƙusa na ce, "Kaka, ni ce."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Darae." Sunana, nawa, ba na Umma ba. "Ina kika shiga? Na yi ta kiranki."

Duk abin da na tanada na makonnin nan, na Malama, na shugaba, na Umma, na Kawu, na ture shi gefe. Na ce, "Ina makaranta, Kaka."

"Yawwa," ta ce. "Haka ake so."

Na ɓare mata lemo, ta ci ɓari biyu, ta ɓoye sauran a ƙarƙashin bargo. Umma ta turo saƙo tana tambayar ko ta ci abinci, na ciro waya zan ba ta amsa. Sai na ji an make mini hannu. Da ƙarfi kuwa, har wayar ta faɗi a kan bargon.

"Ajiye abin nan," in ji Kaka. "Kin zo wurin mutane kina latse-latse. Ba sa hana ku a makarantar taku?"

Na ce, "Suna hanawa, Kaka."

"To madalla. Miƙo mini lemon."